Ɗana ya kusa shekara uku bai fara magana ba: daga ina zan fara a Katsina?

Uwar Yara, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Ɗana na biyu ya kusa cika shekara uku, amma har yanzu ba ya haɗa kalma biyu, kuma idan aka kira sunansa ba ya waiwayowa, alhali da zarar an taɓa ledar biskit a ɗaka sai ya taho da gudu. Yakan wuni yana jera murafan kwalba a tsakar gida, idan wani ya gusar da ɗaya sai kuka da buga kai a ƙasa. Surukata ta ce iska ce, mahaifinsa ya ce nauyin baki ne irin na danginsu, wata maƙwabciya kuma ta ambaci galahanga (autism), wai lalura ce da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane. Don Allah ina neman shawara.

Ma'aikacin Jinya, Katsina:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba a gano galahanga da gwajin jini, likita ne ke lura da halayen yaro tare da sauraron tarihinsa daga bakin iyaye, saboda haka ki kai shi sashen yara na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, ki nemi a fara da gwajin ji, domin jin ƙarar leda bai tabbatar da cewa yana jin dukkan sautukan magana ba. Idan da buƙata za a tura ku Asibitin Malam Aminu Kano ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Ki ɗauki bidiyonsa a waya yana wasa da kuma lokacin da ya fusata, tunda yara ba su cika nuna halinsu a gaban likita ba. Ki faɗa masa ko yaron yana nuna miki abu da yatsa, da kuma ko yakan ƙame ya ƙura ido, saboda farfaɗiya takan zo tare da wannan lalura, ita kuwa tana da magani. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 na da galahanga, kuma babu ƙwayar da ke warkar da ita, don haka duk mai tallar maganinta kuɗinki yake so.

Malamar Firamare, Daura:
'Yar'uwa, kada ki jira sakamakon asibiti kafin ki fara aiki a gida. Waɗannan murafan da ake gani kamar matsala, ta nan za ki same shi. Ki zauna a tabarma daidai tsayinsa, ki riƙe murafan a hannunki, ki miƙa masa ɗaya bayan ɗaya kina cewa "ungo", sannan ki dakata har ya dube ki ko ya miƙo hannu kafin ki ba shi na gaba. Wannan dakatawar ita ce ta fi wuya ga uwa, domin tausayi yakan sa mu ba yaro ruwa tun bai nema ba, sai ya rasa dalilin buɗe baki. Ki taƙaita magana: "sha ruwa" ya fi masa doguwar jimla. Wanka, abinci da barci su kasance a kan tsari ɗaya kullum, idan kuma za a je biki a sanar da shi tun da wuri. Duka ba ya rage buga kai, sai dai ya ƙara. Gara ki lura da abin da ke faruwa kafin ya fara, ko ƙarar injin niƙa ce ko cunkoson baƙi.

Dattijo, Rafin Daɗi:
'Yata, kada ki yi jayayya da surukarki, ki roƙe ta ta raka ki asibiti ta ji da kunnenta. Addu'a ba ta hana ganin likita, amma kada ki yarda a turara masa hayaƙi ko a ɗaure shi da sunan fitar da iska. Za ki kuma ji ana cewa allurar rigakafin ƙyanda ce sanadi. Binciken 1998 da ya jawo wannan magana a Ingila an janye shi a 2010, saboda haka ki ci gaba da kai ƙannensa rigakafi.