Zan tafi Alƙahira: gidan mutane ko haya da ɗalibanmu?

Ɗiyar Mabera: Salamu alaikum. Bayan babbar Sallah in sha Allahu zan tafi Alƙahira karatun Larabci na wata uku. Malamata ta ce in sauka gidansu a unguwar Shubra, ita da mahaifiyarta da ƙannenta mata. Ina so, don bakina ya buɗe, su kuma zaga da ni gari. Damuwata gyambon ciki gare ni, ban san ko zan iya da cimarsu ba. Baba ya ce in tambayi waɗanda sunka taɓa zama. In karɓa, ko in kama ɗaki da ɗalibanmu a unguwar Hayyul Ashir?

Ɗan Gawon Nama: Malam ka riƙa yaji da kilishi, shi ke nan ka gama.

Malamin Islamiyya: Ƙanwata, kada ki dawo ba ki yi salla a Azhar da masallacin Amru ɗan Asi ba, ki kuma ziyarci kabarin Imamu Shafi'i. Kasuwar Khan Khalili na nan kusa da Azhar.

Hajiya Runjin Sambo: Ɗiyata, kada ki soma. A 2022 na kai Innata asibiti can, wani ya haɗa mu da wasu mutane munka sauka gidansu. Satin farko kamar su goya mu, har tantabara anka cusa wa shinkafa anka gasa muna. Inna ba ta iya cin fulu, dafaffen wakensu, da safe, bakinta ya saba da koko. Rannan na ce bari in kaɗa mata miyar kuka ko ta samu ta ci. Ina sa daddawa matar gidan ta fito tana toshe hanci, ta buɗe tagogi duka, ta sauke tukunyar ta juye a shara, Inna na kallo. Tsohuwa mai shekara saba'in, kwananta huɗu da fitowa daga aiki. Ba ta ce uffan ba, ta juya ga bango. Da za mu tashi sai ga takarda: kuɗin tantabara, kuɗin shayi, har kuɗin rakiyar da yaronsu ya yi muna zuwa ganin dalar Fir'auna a Giza. Inna ta rasu bara, kuma har yau in na tuna tukunyar nan ƙirjina zafi yake.

Maman 'Yan Biyu: Allah ya jiƙan Inna. Amma Hajiya ku ta hannun dillali kunka je. Ni shekara guda na yi gidan wata tsohuwa, da na yi zazzaɓi ita ta kwana kaina. Ɗiyar Mabera, mulukiyyarsu lalo ce tamu, karkade kuma zoɓo. Koshari, haɗin shinkafa da taliyarsu, ne za ki yi hattara da shi, akwai tumatir da ruwan tsami da tafarnuwa. Fam 15 nike sayen kwano lokacin.

Ɗan Kofar Kade: Fam 15? Yaya wace shekara? Tun da anka karya darajar fam a Maris 2024 ban ci na ƙasa da 50 ba.

Maman 'Yan Biyu: Wurin masu yawon buɗe ido kake ci, shi ya sa.

Hajiya Runjin Sambo: Ke ɗaliba ce lokacin, lafiyarki lau. Wanda bai yi jinya a gidan wani ba bai san mutane ba.

Ɗan Gawon Nama: Ni mai raƙumin Giza nike nema. Wai Basakkwace ya bar raƙuman kasuwar Kara ya tafi Masar ya biya kuɗin hawa, ya sake biyan na sauka!

Ɗiyar Mabera: Don Allah maganar ciwon cikin fa?

Ɗan Kofar Kade: Ki dai ɓoye ranar tafiyarki. Ni sallahu ya kashe ni: abaya shidda, turare, littattafan fiƙihu mujalladi takwas, ba wanda ya ba da ko sisi. Na biya kuɗin ƙarin kaya, na sauka Kano, na sake biyan mota har Sakkwato.

Maman 'Yan Biyu: Kai ka ma samu an gode. Gwaggona cewa ta yi abayar ba irin wadda ta gani a waya ba ce, har yau tana cikin ledarta.