Hilux ɗinmu ta maƙale a H4, ga yankan shinkafa ya ƙarato

Baban Asiya, Argungu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin mota ku taimaka mini, kaina ya kulle. Muna da tsohuwar Hilux mai injin gas samfurin 3L, ta marigayi mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa. Da aka zo rabon gado yayana ya ce a sayar a raba kuɗin, ni na dage a bar ta, domin da ita muke kai taki fadama mu kwaso shinkafa. Aka yi mata kuɗi, na biya 'yan uwa mata rabonsu, na yayana har yau ban gama biya ba. Shi ya sa duk abin da ya same ta, ni ake kallo. Hajiya ma in ta ji ƙararta a ƙofar gida sai ta tuna Baba, ba na so a ce a hannuna ta mutu.

Ƙarshen damina na ratsa ruwa da ita a hanyar gona, na sa sandar ƙaramar giya a H4, wato mai ja da tayoyi huɗu, na fita lafiya. Daga nan kira ya same ni na wuce Birnin Kebbi. Tun a hanya sitiyari ya yi nauyi, in na sha kwana sai gaban ya riƙa tsalle yana ƙas-ƙas. Yanzu sandar ta ƙi komawa H2, wato ja da tayoyin baya kaɗai, ko an danne ta da hannu biyu. Wani bakanike ya ce ƙaramin giyabos, mai aika ƙarfi ga tayoyin gaba da na baya, ya tashi aiki, a sayo na Beljiyam. Wani ya ce a cire farfelar gaba, wato ƙarfen da ke kai juyi ga tayoyin gaba, a huta. Wanne zan bi?

Direban Jega:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Cire farfelar kawai, Malam. Rabin Hilux ɗin da ke lodin albasa a Aliero ba su da farfelar gaba, kuma suna aiki.

Tsohon Bakanike:
Kada ka cire komai, kada ka sayi komai. Ƙanena, ka hau kwalta da H4, shi ke nan abin da ya faru. Motar nan ba ta da abin da ke raba juyi tsakanin gaba da baya. In ka sa H4 an ɗaure su ne wuri ɗaya, dole su juya daidai. A laka ko rairayi taya na ɗan sulɓewa, ƙarfin ya fita. A kwalta ba ta sulɓewa, sai ƙarfin ya taru a haƙoran giya kamar igiyar da aka murɗe, shi ya riƙe sandar. Nemi fili mai ƙasa, ka miƙe sitiyari, ka yi ribas a hankali kamar mita 10 zuwa 20, wani na jan sandar sannu. In ta ƙi, sa jak ka ɗaga ɗaya daga cikin tayoyin gaba, ka ja jikinka gefe, za ka ga ta juya da kanta. Sannan ka juya hob, wato makullin da ke tsakiyar tayoyin gaba, zuwa FREE don ya sake su. Kuma faɗa mini, tayoyinka huɗu lamba ɗaya ce?

Baban Asiya, Argungu:
Na gode Baba. Amma Baba marigayi ma yakan hau titi a haka, ba ta taɓa yi masa ba. Tayoyin gaba sababbi ne, 7.50R16, na baya kuma 205R16 ne da suke kanta. Mai taya ya ce duk rim 16 ne, babu matsala, kuma dogayen sun fi kyau a fadama.

Tsohon Bakanike:
To ga shi nan. Me ya sa ba ka faɗa tun farko ba? Rim ɗaya ne, amma 7.50 ta fi 205 tsawo sosai, ka jera su ka gani da idonka. Doguwar taya juyi ɗaya tana cin ƙasa fiye da gajeriya, ka ga ko a miƙaƙƙiyar hanya gaba da baya faɗa suke yi. Mahaifinka da tayoyi iri ɗaya yake tafiya, kuma na tabbata yana sakin hob kafin ya hau titi, kai dai ba ka lura ba.

Maman Sadiq, Zuru:
Ni dai ɗan uwa shawarata kada ka bar ta ta kwana a gareji. Pajero ɗin maigidana ta shiga don gyaran kulochi, ta share damina guda a can. Da muka ɗauko ta batir ba namu ba ne, jak babu, har kujerar baya an yaga. In ka yi magana a ce ka cika mita. Mu da muke da tudu da duwatsu, rashin motar nan ba ƙaramar wahala ya ba mu ba wajen kai yara asibiti.

Ɗan Kamba:
Wallahi Hajiya kin taɓo inda ke mini ciwo. Kayan gyara ma yanzu ba amana. Na aika Ƙofar Ruwa a Kano a sayo mini boris, kwali na asali, abin ciki jabu, ko wata bai rufa ba ya fara kuka. Malam, wagga mota ta tsufa, sa mata injin fetur ka huta da tsadar gas.

Direban Jega:
Wane hutu? Tun da aka cire tallafi a 2023 fetur ma ba na talaka ba ne. Kuma me ya haɗa inji da sandar da ta maƙale?

Tsohon Bakanike:
Ku bar yaron nan ya ji da abu ɗaya. Injin 3L lita 2.8 ne, in ba ka bari ya yi zafi ba, kana canja bel ɗin taimin a kilomita 100,000, zai daɗe yana yi maka aiki. Abin da ya fi damuna ruwan da ka ratsa. A saman kowane aksul akwai ɗan bututun shaƙar iska. Ƙarfe na da zafi, ka tsoma shi a ruwan sanyi, iskar ciki ta tsuke, sai ya zuƙo ruwa ta nan ko ta sil. Kwance notin zubar da mai na aksul ɗin gaba da na baya da na ƙaramin giyabos, ka tara a kwano. In man ya fito fari-fari ya yi kauri, ruwa ya shiga, zubar ka sa sabon man giya 80W-90 mai lamba GL-5. Ka ɗura giris a kuros ɗin farfela. Ƙas-ƙas ɗin nan in ya ci gaba bayan sandar ta saki, to shaf ɗin cikin gwiwar tayar gaba ne, a buɗe a duba. Mai cewa a cire farfela kuma, in hob na FREE gaban ai ya riga ya huta. Ka cire ta, ranar da ka kafe da buhu talatin a fadama wa zai fitar da kai?

Direban Jega:
Baba, da girmanka, mu muke kan hanya kullum. Shinkafar rani ake nufa yanzu, ƙasa ta bushe. Ya cire ya ajiye a gida, damina ta zo ya mayar.

Baban Asiya, Argungu:
Hob ɗin ba sa juyawa, tun kafin Baba ya rasu suke a LOCK, har fenti ya rufe su. Tayoyin kuma ba zan iya canja su yanzu ba, bashi na ci na saye su, kuma gaskiya tun da na sa su ban kafe ba. Man giya bai daɗe ba aka duba shi. Bakaniken da ya ce a sayo giyabos shi ke gyara wa Baba mota tun muna yara, da wuya ya cuce mu.

Tsohon Bakanike:
An duba kafin ka shiga ruwa ko bayan ka fito? Hob kuwa noti shida ne a murfin, a buɗe a wanke a shafa giris kaɗan. Ban ce mutumin ya cuce ka ba, na ce ya ɗaga taya tukuna kafin ya aika ka kasuwa. Ka gwada ribas ɗin ma kuwa?

Baban Asiya, Argungu:
Ban gwada ba, motar na garejinsa, ya ce kada a tayar da ita. Yayana ya kira ɗazu, wai wani a Bunza ya taya ta a yadda take. Akwai wanda ya san nawa ƙaramin giyabos na Beljiyam yake yanzu a Sakkwato?

Ɗan Kamba:
Turo hoton lambar da ke jikinsa in tambaya maka.