Abin da 'yan uwa suka ce kan yanayin Gembu

Ga abin da na tsinto daga maganganun jama'a kan yadda ake sanin yanayin Gembu da yadda ake shirya masa:

1. Baki ya zo ɗaya cewa hasashen yanayi na waya kaɗai bai isa ba. Gembu tana can sama kan tsaunin Mambila a Jihar Taraba. Ana iya ƙwallara rana a Serti da ke ƙasan tsaunin, a Nguroje da ke samansa kuwa ruwa kamar da bakin ƙwarya.
2. Direbobi sun ce a bari rana ta ɗaga kafin a hau dutsen daga Mayo Selbe. Da asuba hazo kan rufe kwana, ko fitilar motar gabanka ba ka gani. Don Allah a riƙe wannan.
3. Rigar sanyi da lema, kullum a jaka.
4. An rabu kan shuka: wasu na jiran hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, dattawa kuwa sun fi yarda da kallon hadari da iska.