Abin da makanikai suka ce kan man giyar atomatik

A kan duba man, bakinsu ya zo ɗaya: mota ta tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri, inji ya ɗau zafi, giya na kan P, sannan a zaro geji, wato sandar auna man. Yawancin motoci injin na kunne ake dubawa, amma tsofaffin Honda sai an kashe. A goga man a farin tsumma. Ja mai haske lafiya lau ne, baƙi mai ƙauri kuwa ya gama aiki.

Saɓanin ya taso ne kan wanke giya da na'ura. Masu rinjaye sun ce in motar ta sha tafiya, a tsiyaye tsohon kawai, a canza filta, a zuba sabo. Kuma don Allah kada a zuba Dexron, wato wani nau'in man giyar atomatik, a giyar CVT, wadda ba ta da hawa-hawan giya; man CVT daban ne.