"Alkawari kaya ne": a kan wa kayan yake idan an gama kamfen?

Ɗan Kurmi:
Assalamu alaikum jama'a. Tunda an fara kaɗa gangar zaɓen 2027, na ga ya kamata mu zauna a kan karin maganar nan ta "alkawari kaya ne". Yadda na tashi na ji manya na faɗinta, nufinta duk wanda ya ce zai yi abu to ya ɗora wa kansa nauyi, ba shi da hutu sai ya sauke. Tambayata ita ce, ta dace da alkawarin jam'iyya kuwa? Ni dai a ganina ba ta hau kansu ba. Ɗan dako in ya ɗauki kaya tafiyarsa ma takan canza, kana ganin wuyansa ka san da nauyi a kansa. Waɗannan kuwa sai su yi alkawari ɗari a filin taro su hau mota ba alamar sun ɗauki komai. A 2015 APC ta rubuta cewa za ta samar da aikin yi miliyan 3 duk shekara. Da aka doshi cikar kwana 100 da hawan Buhari, mai magana da yawunsa Garba Shehu ya fito ya ce takardar abubuwan da za a yi cikin kwana 100 da aka yi ta yaɗawa lokacin kamfen ba daga Buhari ta fito ba. To wannan kayan a kan wa yake?

Baban Yara, Funtuwa:
Wa alaikumus salam. Yaro, ka karkatar da maganar. Bahaushe bai ce duk mai alkawari yana jin nauyinsa ba, cewa ya yi nauyin na nan. Ko ya ji ko bai ji ba yana kansa, kuma za a tambaye shi. Rashin kunyar mai alkawari ba ya rage wa karin magana komai.

Kuma kada ku ɗauka haka siyasa take tun fil azal. Mu da muka ga 1979 da idonmu mun san an taɓa yin masu faɗa da cikawa. PRP ta Malam Aminu Kano ta yi kamfen a kan soke haraji da jangali, abin da NEPU ta daɗe tana kuka a kansa tun kafin 'yancin kai. Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suna hawa suka soke su. Ku da ba ku san haraji ba ba za ku gane girman abin ba. Magidanci kan bar garinsu ya tafi cin rani don kawai ya haɗa kuɗin, wani a ƙwace masa akuya, wani a wulaƙanta shi gaban iyalinsa. Alkawari ne ƙwaya ɗaya, kowa ya fahimce shi, kowa kuma zai gane ranar da aka cika shi, don mai karɓa bai sake zuwa ƙofar gida ba.

Malamar Firamare:
Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ka faɗa a ƙarshe shi ne ya fi tsaya mini. Alkawarin soke haraji yana da iyaka, ana iya cewa an yi ko ba a yi ba. Amma in ɗan takara ya ce "za mu inganta ilimi", me ya ɗauka? A makarantarmu akwai ajin da yara ke zaune a ƙasa, rufin ya yaye tun damina ta wuce. In aka zo aka yi wa bangon waje fenti, zai ce ya inganta, kuma ba ka da bakin ƙaryata shi. Irin wannan ni ba na kiransa alkawari, romon baka ne. Shi ya sa nake ganin karin maganar ta dace da alkawarin da aka faɗi adadinsa da wa'adinsa kaɗai: aji nawa, malamai nawa, zuwa wane wata.

Direban Tifa:
To Malama, ga wanda aka faɗa ƙarara kuma aka cika a ranar farko. Kafin zaɓen 25 ga Fabrairu 2023, Tinubu ya ce zai cire tallafin mai. Atiku da Peter Obi ma duk sun faɗi haka. Ranar 29 ga Mayu, a wurin rantsuwa, ya ce tallafi ya tafi. Litar fetur da muke sha ƙasa da naira 200 ta haura kusan 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Ya cika alkawari, ba mai musu. Ya sauke kaya, amma a kanmu ya sauke. Ni motata gas take sha, amma yaran da ke mini lodi da babur suke zuwa, abincin gidana a mota ake kawo shi kasuwa. Don haka ku daina cewa matsalar saɓa alkawari ce kawai. Wani alkawarin cika shi ne ya fi ciwo.

Alaramma:
Direba ya taɓo wuri mai muhimmanci, kuma addini bai bar wurin a buɗe ba. Hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya kawo alamomin munafuki uku: in ya yi zance ya yi ƙarya, in ya yi alkawari ya saɓa, in aka ba shi amana ya ci. Ku lura an ambaci alkawari daban, amana daban. Mutum zai iya cika abin da ya furta da baki amma ya ci amanar waɗanda aka ba shi kiwonsu, in bai tanadar musu abin da zai sassauta musu ba kafin ya aikata. Mafi ƙarancin albashi bai koma 70,000 ba sai a Yulin 2024, fiye da shekara guda bayan an cire tallafin, shi ma ga mai albashi ke nan. A tsakanin nan mutane sun ɗanɗana kuɗarsu, har aka kai ga zanga-zangar watan Agusta na shekarar. Suratul Isra'i aya ta 34 ta ce a cika alkawari domin alkawari abin tambaya ne. Wannan shi ne kayan da Bahaushe ke nufi, Baban Yara ya yi daidai. Amma kayan shugaba ya fi abin da ya faɗa a kan dandamali yawa.

Ɗan Jam'iyya:
Allah ya gafarta Malam, ban ƙi taka ba. Amma a yi adalci. Ni ina cikin tafiyar tun 2014 kuma ba na ɓoyewa. Ana magana kamar ba a sauke komai ba. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka fara zamanin Jonathan, Buhari ya ƙarasa ya buɗe a Yulin 2016. N-Power ta ɗauki matasa ana ba su 30,000 a wata. An gama gada ta biyu a kan kogin Kwara a Onitsha wadda gwamnatoci suka yi ta ambato. Yanzu ga bashin karatu na NELFUND ɗalibai na karɓa. Sannan ku tuna farashin ɗanyen mai ya faɗi warwas daga ƙarshen 2014 zuwa 2016. Mai kaya in hanya ta yanke masa ba a kiransa maƙaryaci.

Malamar Firamare:
Ɗan'uwa, in hanya ta yanke masa sai ya dawo ya gaya wa masu kayan. Wannan shi ne abin da ba mu taɓa gani ba. Wace jam'iyya ce ta taɓa fitowa da takardar alkawuranta bayan shekara huɗu ta ce wannan mun yi, wannan mun kasa, ga dalili? Marigayi 'Yar'aduwa har yau ana ganin girmansa don ya fito ya amsa cewa zaɓen 2007 da ya kawo shi yana da kurakurai. Faɗin gaskiyar nan kaɗai ta saya masa mutunci. Tashar wutar Mambila kuwa gwamnati nawa ta yi mana alkawarinta? An sa hannu a kwangilar megawat 3,050 a 2017, har yanzu ba wanda ya kunna fitila da wutarta, ba kuma wanda ya zo ya ba mu haƙuri.

Ɗan Kurmi:
Akwai wadda ta fi dacewa da su a ganina: "ƙarya fure take ba ta 'ya'ya". Sai dai ita ma ina da ja a kanta, don a siyasa na ga tana 'ya'ya. An yi ta, an ci zaɓe, an yi shekara takwas. In wannan ba 'ya'ya ba ne mene ne?

Baban Yara, Funtuwa:
Ka dubi mutum ɗaya ne shi ya sa. Dubi ƙasar. A zaɓen shugaban ƙasa na 2015 kusan kashi 44 cikin ɗari na masu rajista suka fito. A 2019 suka koma kusan 35. A 2023 kusan 27, cikin mutum fiye da miliyan 93 da suka yi rajista. Wanda ya ci da ƙuri'a ƙasa da miliyan 9 ya ci. Na san ƙarancin takardun kuɗi na lokacin da matsalar tsaro sun hana wasu fita, amma ka zauna a majalisar unguwa ka ji abin da mutane ke cewa: duk kanwar ja ce. Mai ƙarya ya sami kujera, amma ya bar wa na bayansa jama'ar da ko gaskiya aka gaya musu ba za su yarda ba. 'Ya'yan da ake nufi abin da za a ci a amfana ne, kuma a sami irin shukawa baɗi. Wannan ba a same shi ba.

Direban Tifa:
Mu ma fa da namu laifin. "Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski." Ka karɓi taliya da sabulu da atamfa ranar zaɓe, ka dangwala masa, to an biya ka. Da wane baki za ka tambaye shi asibiti?

Inna Mai Ƙosai:
A'a ɗana, wannan karin maganar ba a nan take ba, kuma tana ƙona mini rai duk lokacin da aka jefe mu da ita. Wanzamin da ya karɓi ladan kuturu ya san aikin da zai yi, ya ga kan, ya yi ciniki da yardarsa. Matar da ta kwana biyu ba ta ɗora tukunya ba aka miƙo mata taliya, wane ciniki ta yi? Kuma kuɗin taliyar daga ina ya fito in ba daga haƙƙinta ba? A unguwarmu wani ɗan takara ya tara mu mata ya rantse zai haƙa mana rijiyar burtsatse. Mun zaɓe shi, ba don ɗan abin da ya raba ba, don ruwan. Har wa'adinsa ya ƙare muna sayen jarka a wurin 'yan ga-ruwa. Yanzu a ce mu ne muka ci lada? An bar jaki ana dukan taiki.

Alaramma:
Inna tana da gaskiya a kan ma'anar. Karin maganar kuturu a kan wanda ya karɓi lada don wani aiki take, tana tilasta masa ya yi aikin ko da yana ƙyamarsa. In za a yi amfani da ita daidai, ai ɗan siyasar ta fi kamawa: ya karɓi ƙuri'ar talaka, dole ya shiga lungunsa mai kwata ya yi masa aiki. Amma Direba, ban wanke mai sayar da ƙuri'a ba. Ƙuri'a shaida ce, shaida kuwa ba a sayar da ita. Sai dai mai yunwa da mai ƙoshi hukuncinsu ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya zo da buhun kuɗi ya fi kowa ɗaukar alhaki.

Ɗalibin Shari'a:
Iyayena da yayyena, bari in ƙara wani abu ta fuskar doka, don ya shafi tambayar farko. Ba za ka kai jam'iyya kotu don ta saɓa alkawarin kamfen ka yi nasara ba. Hatta babi na biyu na tsarin mulkin 1999, inda aka rubuta cewa tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban aikin gwamnati, sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta shi. Kiranye yana nan a sashe na 69, amma na 'yan majalisa ne, bai shafi gwamna ko shugaban ƙasa ba, kuma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu. Yunƙurin yi wa Dino Melaye kiranye a Kogi a 2018 tun a matakin tantance sa hannu ya ruguje.

Sai kuma sauya sheƙa. Atiku ya zaga PDP da AC da APC, Kwankwaso ya yi PDP da APC da NNPP, ita kanta APC a 2013 aka haɗa ta daga ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA. In mutum ya yi alkawari da sunan jam'iyya ya bar ta, jam'iyya ta ce shi ya faɗa, shi kuma ya ce manufar jam'iyya ce. Shi ya sa nake ganin a nemi alkawari daga bakin mutumin da sunansa, a rubuce.

Malamar Firamare:
To mu yi hakan mana a matakin mazaɓa. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a a ba shi takarda: abu uku kacal, da adadi da wata, ya sa hannu gaban liman da mai unguwa. Ko kotu ba ta karɓa ba, za mu karanta masa ita in ya dawo neman tazarce.

Baban Yara, Funtuwa:
Shawara ce mai kyau 'yata, amma ku cire mai unguwa a ciki. Yana ƙarƙashin dagaci da hakimi, su kuma gwamnati na iya taɓa rawaninsu, kada ku sa bawan Allah a tsaka mai wuya. Ku ba ƙungiyar ci gaban unguwa ta riƙe, a yi kwafi a ba matan unguwa nasu, tunda su aka fi tarawa a yi wa rantsuwa. Kuma a kai wa 'yan takarar kowace jam'iyya takarda iri ɗaya, har da wanda kuke so. Inna, in za a rubuta ta unguwarku, a sa rijiyar nan a layin farko, a kuma rubuta wanda zai riƙa gyaran injin in ya lalace.