Neman shawara: wace na'urar CD ce za ta dace da amfilifayar da mahaifina ya bari?

Mai tambaya, daga Runjin Sambo a Sakkwato:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san harkar ya yi mini bayani yadda zan gane.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya rasu bara. Cikin abin da ya bari akwai tsohuwar amfilifaya ƙirar Pioneer da manyan lasifika biyu na katako. Tun ina yaro nake ganinsu a ɗakinsa, kuma har gobe lafiyarsu ƙalau. Ya kuma bar faifan CD cike da kwali biyu: karatun Alƙur'ani, tafsirin azumi na shekaru da dama, sai waƙoƙin makaɗan fada na dauri da ya sa aka kwashe masa daga kaset. Da wata 'yar ƙaramar DVD yake kunna su, ita kuwa ta ƙone ranar da aka kawo wuta da ƙarfi. Mahaifiyarmu ce ta ce in nemo abin kunnawa, domin lokacin nan na bayan la'asar da ya saba sa karatu, gidan yana yi mata shiru da yawa.

Abin da na tanada naira dubu 150 ne. Wani ya ce in sayi DVD kawai in huta. Wani ya ce in aika Alaba a Legas a kawo mini ta hannu 'yar Beljiyam. Na duba intanet na ga sababbi irin su Yamaha da Denon da Marantz, amma kuɗinsu ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Ni dai so nake in sayi abin da zai daɗe, sautinsa ya fita tas, kuma Inna ta iya kunnawa da kanta ba sai ta jira na dawo daga aiki ba. Me kuka gani?

Wani mai gyaran rediyo, Tsohuwar Kasuwa:

Wa'alaikumus salam. Allah shi jiƙan Baba, shi sa can ta fi mai nan.

Ƙanena, kahin ka kashe ko kwabo, koma ga kwalayen nan ka tantance abin da ke ciki, don nan mutane ke yin asara. Faifan da muke kira CD ba iri guda ba ne. Akwai na sauti na asali, shi ba ya wuce minti 74 zuwa 80. Akwai na MP3, wanda za ka iske an zuba tafsirin kwana goma ko fiye a faifai guda. Akwai kuma VCD mai hoto. A ido duk kamarsu ɗaya, faɗin santimita 12. To tsohuwar na'urar CD ta shekarun 1990, duk kyanta, na farkon kaɗai ta sani. Ka sa mata na MP3 ko dai ta ce babu faifai, ko ta yi ta ƙirga lokaci ba ka jin komai. Tunda kac ce Baba da DVD yake kunnawa, ina kyautata zaton da yawa daga na tafsirin MP3 ne, don haka anka saba sayar da su a bakin masallatai. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: in abin da ke cikin faifai ya wuce awa ɗaya da minti ashirin, ba na sauti na asali ba ne.

Na biyu, waɗanda anka kwashe daga kaset CD-R ne, wato wanda aka buga da kwamfuta. Ba ya mayar da haske kamar na kamfani, shi ya sa na'urar da idonta, wato ɗan gilashin da ke haska faifai shi karanta, ya fara gajiya za ta karanta na kamfani lahiya lau amma ta ƙi CD-R ko ta riƙa tsalle. Wanga shi ne gwajin da nike yi wa kowace na'ura da anka kawo mini. Don haka ban ba ka shawarar aikawa Legas a sayo maka abin da ba ka gwada ba. Ka ɗauki faifanka huɗu ka tahi da su wurin mai kaya: na kamfani ɗaya, CD-R biyu, na MP3 ɗaya. Ka duba daƙiƙa nawa take yi kahin ta nuna adadin waƙoƙi. Mai lahiya ba ta daɗewa. In ka ji tana ta ƙas-ƙas tana nema, bar ta. Ka tsallaka zuwa waƙa ta ƙarshe ka saurara, don CD daga ciki yake farawa ya ƙare a baki, kuma matsala ta fi fitowa can bakin. Ka buɗe tire ka rufe sau biyar ko shida. Sannan ka bar ta tana aiki ko rabin awa ne, wasu sai sun ɗau zahi suke nuna halinsu.

In tire ne kawai ke maƙalewa kada ka ji tsoro, yawanci bel ɗin roba ne ya saki saboda zahi, canjinsa ba wani kuɗi ba ne, ka ma samu abin neman ragi. Ido shi ne babban zance. Ka tambayi wane ido ke ciki. Irin su KSS-213 na Sony suna cikin na'urori masu yawa, samun madadinsu bai da wuya. Wanda ba a samun idonsa, ranar da ya mutu na'urar ta zama kwalliya.

Wani matashi daga Mabera:

Gaskiya Yaya ni ban ga dalilin wahala ba. DVD tana cin CD, tana cin MP3, tana cin VCD, wasu ma har da filashi, kuma kuɗinta bai kai rabin abin da ka tanada ba. Ka haɗa jar waya da fara zuwa amfilifaya, shi ke nan. Marigayi ma ai da ita yake ji.

Malamin makaranta mai ritaya, Gawon Nama:

Ɗana na Mabera bai faɗi ƙarya ba, amma akwai abin da ya bari. Na yi shekaru ina amfani da duka biyun. DVD an yi ta ne don talabijin. Faifan MP3 mai manyan fayiloli da yawa, in ba ka kunna talabijin ba ba za ka san inda kake ba, kuma ƙananan na yanzu da yawa ɗan allon gabansu lamba kawai yake nunawa, wasu ma babu shi. Mai tambaya ya ce yana son mahaifiyarsa ta kunna da kanta. Na'urar CD ta gaskiya maɓallanta manya ne a gaba: buɗe, kunna, tsaya, wuce. Dattijuwa za ta riƙe wannan rana ɗaya. Sannan jikinta ya fi nauyi, ba ta ƙarar juyawa da za ta dame ka lokacin da mai karatu ya yi shiru tsakanin aya da aya.

Game da sababbi masu tsada, ɗana mai tambaya, kada ranka ya ɓaci don ba ka kai gare su ba. Kamfanonin Philips da Sony ne suka tsara ƙa'idar faifan CD a 1980, Sony ta fitar da na'urar farko, CDP-101, a Japan a 1982. Tun daga lokacin ƙa'idar ba ta canja ba: ana ɗaukar sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane ɗauka ana rubuta shi da bit 16, wato ƙananan lambobin kwamfuta 16. Abin da ke cikin faifanka ke nan, ko da na'urar miliyan ka kunna shi ba za ta ƙara masa komai ba. Inda suke bambanta shi ne sashen da ke mayar da lambobi su zama sauti, wanda ake kira DAC, da kyawun kayan da ke bayansa. Bambancin yana nan, ban musa ba, amma ƙarami ne idan aka kwatanta da abin da lasifika da ɗaki ke yi wa sauti. Balle kai da yawancin faifanka daga kaset aka kwaso su. Abin da kaset ya riga ya rage wa muryar makaɗi da amon kotso, babu na'urar da za ta dawo da shi. Ni dai da na saurari tsofaffin Technics da Sony da Philips na hannu a kan lasifika masu kyau, ban taɓa jin na rasa wani abu ba.

Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai. Tsohuwar amfilifaya irin ta mahaifinka tana da rami a baya da aka rubuta PHONO. Wannan na garmaho ne, an yi shi don sauti mai rauni ƙwarai. Na'urar CD tana fitar da kusan bolt 2, in ka sa ta nan sauti zai fashe ya yi ƙara marar daɗi, har kana iya cutar da lasifika. Ka sa a CD ko AUX, in babu ka sa a TUNER ko TAPE.

Mai gyaran rediyo:

Malam ya gama magana kan sauti. Ni bari in ƙara kan wuta, tunda ita tac ci ta farko. In ta hannu za ka saya, juya bayanta ka karanta. Tamu wutar 230 ce. Kayan Turai da Ingila sun dace da mu kai tsaye. Na Amurka 120 ne, na Japan 100, kuma duk suna shigowa a kwantena guda. Na ga na'urori masu kyau da sunka mutu a minti na farko don mai su ya canja kan soket kawai ya jona. In ta Amurka ce ta burge ka sai da tiransifoma mai rage wuta. Ƙarami ya isa, don na'urar CD ba ta cin abin da ya wuce wat 10 zuwa 20, amma ni na fi son ka samu mai 220 zuwa 240 ka huta, kada wata rana wani yaro shi jona ta kai tsaye. Kuma ka raba kuɗinka, ka ware na stabiliza mai jinkirin kunnawa, ka haɗa amfilifayar ma a kai. In an ɗauke wuta a zare soket. In da inbata kuke aiki, wanda ba ya ba da tsabtatacciyar wuta zai sa ka ji tiransifoma na gurnani yana zahi.

Wata 'yar'uwa daga Arkilla:

Allah ya gafarta wa Baba, ya ba Inna haƙuri. Ni kan ƙura zan yi magana, don mu ke share ɗakin. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kun san yadda hazo yake a garin nan, ko an rufe taga sai ya shiga. Tamu na'urar CD ta fara tsalle a hunturu na biyu, da aka buɗe ba abin da ya same ta sai ƙura a kan ido. Tun daga nan na ɗinka mata mayafi, in an kashe a rufe, kuma ba a barin tire a buɗe. Kada a ɗora ta a kan amfilifaya, zafin da ke tashi daga can ga kuma namu na Afrilu da ke haura digiri 40, ya yi mata yawa. Kada kuma a ɗora ta kan lasifika saboda girgiza. Faifai in zai goge, da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba.

Wani mai aikin kwamfuta, kusa da jami'a:

Yaya, ni abin da ya fi tsaya mini a rai ba na'urar ba ce, faifan ne. CD-R wani rini ne a cikinsa ke riƙe da sautin, zafi da hasken rana suna cinye shi a hankali. Kuma gefen da ake rubutu a kai ya fi haɗari, domin abin da ke ɗauke da sautin yana dab da wannan gefen, ƙarƙashin ɗan siririn shafi. Ƙarzuwa a nan ba ta gyaruwa. Karatu da tafsiri mai yiwuwa ka same su wani wuri, amma waƙoƙin da Baba ya kwashe daga kaset ɗinsa wataƙila babu su a hannun kowa. Ka kwafe su a kwamfuta tun suna karantuwa. Akwai manhaja kyauta mai suna Exact Audio Copy, ka adana su a tsarin FLAC, ba ya rage ingancin sauti. Ko ba a matse ba, minti ɗaya kimanin megabait 10 ne, filashi guda zai ɗauke faifai da yawa. Ka yi kwafi biyu, ɗaya a ajiye a wani gidan.

In wata rana hali ya samu, Yamaha CD-S303 da Marantz CD6007 suna da ramin filashi a gaba kuma suna cin FLAC ta nan, suna kuma karanta faifan MP3. Ba yau ba, amma ka sa a ranka. Ka kawo faifan in taya ka kwafewa, ba sai ka biya komai ba, ni ma ina son in ji su.

Wani daga Minanata:

A guji mai cin faifai biyar a tire guda. Ƙarfen da ke motsi a ciki ya yi yawa, ga ƙura.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya da dare na zauna da kwamfutar ƙanena muka bi kwalayen ɗaya bayan ɗaya. Maganar mai gyara ta tabbata: karatun Alƙur'ani da waƙoƙin duk na sauti ne, amma tafsirin kusan gaba ɗaya MP3 ne. Uku daga cikin na waƙoƙin sun ƙi buɗewa sam, bayansu ya yi dabbare-dabbare. Abin ya taɓa ni, domin rubutun hannun Baba ne a kansu.

Ga abin da na yanke. Zan fara da stabiliza. Sauran kuɗin zan nemi ta hannu mai wutar 220 zuwa 240, in tafi da faifaina in gwada kamar yadda aka ce. In na dace da wadda ke cin MP3, madalla. In ban dace ba zan ɗauki wadda ta fi karanta CD-R da kyau, tunda karatun ne Inna ta fi buƙata, tafsirin kuma in zuba mata a waya. Ɗan'uwa mai kwamfuta, zan zo ranar Asabar da safe da na waƙoƙin, har da ukun nan ko Allah zai sa wani abu ya fita. Mai gyara kuma, in ba damuwa, in na ga wadda ta kwanta mini zan biyo da ita rumfarka ka duba mini idonta kafin in biya.

Mai gyaran rediyo:

Ba komi, taho da ita. Ka zo kahin azahar, kuma ka riƙo rimot ɗinta in akwai, mu gwada shi tare.