Maganin ciwon baya ya raba ni da shimfiɗar iyalina, ku ba ni shawara

Admin: Wani ɗan'uwa ne ya turo min ta gefe ya ce a sa masa ba suna. Don Allah wanda ba shi da abin faɗa ya yi masa addu'a ya wuce.

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Maganar tana da nauyi amma ta kai ni maƙura. A Makka nake zaune wajen Shari Mansur, mata ɗaya yara uku. Tun ina saurayi aikin ƙarfi nake yi, na fara da tura arabiya, wato keken tura marasa ƙarfi, tsakanin Safa da Marwa lokacin mausim na Hajji da Umra, tsoho mai jiki ka tura shi ya gama sa'ayi ka dawo ka ɗauki wani, daga baya na koma halagar Ka'akiyya, wato kasuwar kayan gwari, ina sauke buhunan albasa da dankali daga tirela tun kafin asuba. A can ne wata rana na sunkuya zan ɗaga buhu na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna, ban iya miƙewa ba sai da yara suka kama ni. Tun ranar ciwon yake sauka daga ɗuwawu ya bi bayan cinyar hagu har babban yatsa kamar an jona min waya. An yi min ranin, wato hoton MRI, daktur ya nuna min a allo ya ce diski ne, wato faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya na L4 da L5, ya fito yana danne jijiya, ciwon da ake kira irƙun nasa kenan, ya ce bai kai a yi amaliyya wato tiyata ba tukuna. Ya fara ba ni Voltaren ya ci min ciki har na fara ganin baƙin bayan gida aka tsayar. Aka koma Lyrica, maganin ciwon jijiya, miligiram 75 safe da dare, daga baya ya mayar 150 ya ƙara min tramadol. Alhamdulillahi da su nake iya tashi, yanzu dabbab nake ja, wato ƙaramar motar ɗaukar kaya, na wani bawan Allah ne muna raba abin da aka samu, ya yi haƙuri da ni sosai lokacin da nake kwance har kuɗin haya ya taɓa cika min, Allah ya saka masa.

To abin da ya kawo ni shi ne sha'awa ta ɗauke min ƙaf. Ko tashin asuba da kowane namiji ya sani babu. In na matsa wa kaina abin ya ɗan motsa to ba na kawowa, sai dai mu gaji mu haƙura. Maiɗakina ta ɗauka ko aure nake nema ko na daina sonta, ta yi lalle ta sayi turaren wuta da humra, ni kuma sai na juya baya na yi kamar barci ya ɗauke ni ina jin ta tana kuka a hankali. Wani lokacin in zauna a Harami bayan isha har sai na tabbatar ta yi barci. Wallahi ina sonta. Me zan yi?

Maman Hanan: Innalillahi. Allah ya ba ka lafiya ɗan'uwa, ya sa kaffara ne.

Baba na Hindawiyya: Yaro wannan ba wani abu ba ne, basir ne da sanyi suka haɗe maka, duk mai zaman mota yana da shi. Ka watsar da ƙwayoyin nan yau ɗin nan su ne suke busar da jini. Ka je a yi maka ƙaho a ƙugu ranar 17 ko 19 ko 21 ga watan Musulunci, ka riƙa shan zuma da habbatus sauda da citta da kanumfari da safe. Mu da muka yi dako kafin a haife ku ba mu san wata Lyrica ba kuma ga 'ya'ya mun tara.

Abu Faisal: Baba da girmanka, ƙaho da zuma ba wanda ya hana, amma maganar ya watsar da magani yau ɗin nan ka janye ta don Allah kar a kashe bawan Allah da shawara. Na daɗe ina aiki a saidaliyya, wato kantin magani, a Jidda, na san abin da nake faɗa. Wanda jikinsa ya saba da tramadol in ya yanke lokaci ɗaya zufa ce da gudawa da ciwon gaɓoɓi da faɗuwar gaba, ba barci, ciwon bayan kuma ya dawo ya ninka. Lyrica ma haka, ko a takardar cikin kwalinta an rubuta a sauke ta a hankali aƙalla cikin mako guda.

Ɗan'uwa mai tambaya ka saurare ni da kyau. Abin da ke damunka sananne ne, ba sihiri ba ne ba kuma ƙarewar mazakuta ba. Tramadol dangin mofin ne, in aka daɗe a kansa yana danne saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa maraina su samar da sinadarin maza wato testosteron, sai ya sauka, in ya sauka sha'awa ta tafi, tashin asuba ya tafi, ga kasala ga saurin fushi. Sannan yana taɓa sirotonin irin yadda magungunan damuwa ke yi, wannan ne ya sa ba ka kawowa. Lyrica ita ma raunin gaba da raguwar sha'awa suna cikin illolin da aka rubuta mata, ga ƙiba. Biyu ka haɗa. Abin yi, ka koma wajen wanda ya rubuta maka ka faɗa masa ɓaro ɓaro, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka ce a yi maka tahlil wato gwajin jini na testosteron, da safe ake ɗibar jinin kafin ƙarfe 10 don lokacin ya fi yawa, in ya fito ƙasa a maimaita wata ranar kafin a yanke hukunci. A haɗa da gwajin sinadarin furolaktin da sukari tarakumi, wato gwajin suga na watannin baya, don ciwon suga kaɗai yana kashe gaba mutum bai ma san yana da shi ba. Amma ba ka faɗa mana abu uku ba: tramadol ɗin miligiram nawa kake sha a rana, tun yaushe, kuma kana da suga ko hawan jini? Sai abu mafi muhimmanci, diskin kansa yana iya danne jijiyoyin da ke zuwa gaba. In kana jin wajen tsakanin cinyoyi da dubura ya mutu ba ka jin taɓi, ko fitsari ya riƙe ko ya riƙa zuba ba ka sani ba, wannan ba na jiran mau'idi wato ranar ganin likita ba ne, tawari wato sashen gaggawa za ka tafi a daren.

Mai tambaya: Na gode Yaya Abu Faisal. Fitsari lafiya lau, wajen ma ina ji. Amma maganar faɗa wa daktur ba ku san yadda abin yake ba. Minti nawa ne ma kake yi a gabansa, ga mumarrida wato nas a tsaye a kanka mace, ga mutane a bakin ƙofa suna jira. Kuma ni tsorona ina buɗe baki zai ce to a cire tramadol, in aka cire wa zai ja dabbab ɗin? wa zai biya haya da kuɗin sabunta igama, takardar izinin zama? Kafin wannan maganin rarrafe nake zuwa banɗaki, yarana sun gani da idonsu. Ni abin da nake nema wani abu da zan ƙara a kai wanda zai dawo min da ƙarfi, ba a taɓa min maganin ba.

Ɗan Karantina: To ai da sauƙi malam. Akwai zumar nan ta 'yar leda da ake sayarwa a ɓoye wajen masu attara, wato shagunan maganin gargajiya, guda ɗaya ka sha bayan magariba kalas. Ko ka sayi Snafi, ƙwayar ƙarfin maza. Ni abin da ya ɗaure min kai ma, ai samari a gida Najeriya don wannan harkar suke shan tramol, ya naka ya zama akasi?

Abu Faisal: Ɗan Karantina ka ji tsoron Allah. Zumar nan ba zuma ce ke aikin ba, sinadarin Viagra ko na Cialis ake zubawa ciki ba a rubuta ba, ba wanda ya san adadin, hukumar abinci da magunguna ta sha yin gargaɗi a kan irinsu. Mutumin da ke sa ƙwayar zuciya ta ƙarƙashin harshe in ya haɗa da wannan jininsa faɗuwa zai yi warwas, ana mutuwa a haka. Shi wannan ko bai ma amsa min ko yana da hawan jini ba. Kuma Snafi jini take kaiwa wajen, ba ta haifar da sha'awa, in testosteron ne ya sauka zai sha ya ga aikin bai kai yadda ya zata ba ya ƙara shiga damuwa. In daktur ya duba zuciyarsa ya rubuta masa ba laifi, tana taimakon wasu. Batun samari kuwa jinkirin kawowa suke nema, wanda shi ne illar da wannan bawan Allah yake kuka da ita, a kwana a tashi su ma nan suke ƙarewa.

Ummu Salma: Ni matar nake tausayawa wallahi. Ku maza haka kuke, gara ku bar mace ta haukace da zargin kanta da ku buɗe baki. Nawa mijin Allah ya jiƙansa sai da ya shafe shekaru yana ƙaurace min, na sha tsumi na sha gumba na kashe kuɗin aikatau ɗina kaf a kayan mata, har wajen mai ruƙiyya na je a kan ko kishiya ce ta shiga tsakani, dangina na ce min na cika ƙorafi, danginsa na ce min na kasa riƙe miji. Sai a gadon asibiti na ji daga bakin daktura cewa suga ne ya cinye shi tun tuni kuma ya sani. Har yau in na tuna zuciyata tafasa take. Malam ka zaunar da ita yau ka ce mata magani ne, ko ba ka iya komai ka riƙe hannunta ka bar juya mata baya.

Mai tambaya: Hajiya Allah ya jiƙan maigida. Amma gidan kowa da irin nasa. Ita duk abin da ta ji sai mahaifiyarta ta ji, mahaifiyar kuma unguwarmu ɗaya, gobe in fito masallaci ana kallona. Ba ɓoye mata nake ba, so nake na samu mafita tukuna sannan in yi magana.

Abu Rayyan: Kuna ta cewa tahlil tahlil kamar kyauta ne. Ni ta'amin ɗin, wato inshorar lafiya, da kafilina, ubangidan da nake zaune ƙarƙashinsa, ya yi min na sabunta igama ne kawai, ka je mustausaf wato ƙaramin asibiti su ce wannan ba ya ciki wancan sai muwafaƙa wato amincewar kamfanin inshora, ka jira a ƙi. Gwiwata na nan a kumbure an rubuta min ilaj tabi'i wato gashi da motsa jiki na asibiti sun amince da zama kaɗan suka yanke. Talaka a ƙasar nan in ba Panadol ba ba shi da gata.

Baba na Hindawiyya: Shi ya sa na ce ƙaho. Riyal nawa ne ƙaho?

Abu Faisal: Baba mu bar wannan. Ɗan'uwa ka ce wani abu kake so ka ƙara a kai, to ba haka gyaran yake ba. Daktur mai hankali ba zai yanke maka magani ya bar ka da rarrafe ba, akwai hanyoyi. Ana rage tramadol kaɗan kaɗan a cike gurbin da ilaj tabi'i da motsa jikin da ke ƙarfafa ƙugu, akwai allurar da ake yi a baya kusa da jijiyar da ta kumbura tana ba wasu sauƙi na makonni ko watanni, ka nemi tahwil, wato a tura ka iyadar alam, sashen kula da raɗaɗi, su aikinsu kenan ciwo mai daɗewa. Sau da yawa in adadin ya sauka sinadarin yana farfaɗowa da kansa. In an ce za a canja maka zuwa Cymbalta ko amitriptyline ka tambaya, don su ma suna taɓa wannan ɓangaren. In kuma tahlil ya nuna ya sauka sosai likitan masalik wato na mafitsara ko na gudad wato na sinadaran jiki zai iya ba ka na shafawa ko allura, amma ka sani testosteron na waje yana rage maniyyi, in kuna son ƙarin haihuwa dole ka faɗa masa kafin a fara, kar ka kuskura ka sayi allurar a hannun 'yan jim. Batun kunya kuma rubuta a takarda ka miƙa masa, ko ka ce mumarrida ta ɗan ba ku wuri, hakkinka ne. Ko ka fara kiran 937 na ma'aikatar lafiya ka yi magana da likita ta waya ba wanda ke ganin fuskarka. Sannan ina jan kunnenka, tramadol ba a wuce 400 a rana, sama da haka yana iya jawo farfaɗiya, haɗa shi da Lyrica kuma yana kawo gyangyaɗi, kai kuma mota kake ja a titin Makka. Dukansu biyun suna ƙarƙashin tsaro a nan, wanda aka kama da su ba wasfa wato takardar likita shari'ar mukaddarat ce, wato ta miyagun ƙwayoyi.

Mai tambaya: Wasfata tana nan Yaya, ban taɓa sayen komai a bayan fage ba. Ranar da aiki ya yi yawa ne kawai nakan ɗan ƙara, kuma duk mai irin ciwona zai gane. Ilaj tabi'i na gwada, lokacin da suke ba ni mau'idi lokacin lodi ne a halaga, in na tafi wani ya ɗauki kastomana. Zan dai gwada zumar Baba ta gaskiya da ƙahon tukuna in gani, tunda su ba su da illa.

Ummu Salma: Ita kuma baiwar Allah ta ci gaba da kuka kenan har ƙaho ya yi aiki?

Maman Hanan: Ku bi shi a hankali don Allah, mutum ne mai ciwo.

Abu Faisal: Ka ɗan ƙara kamar nawa? In kana ƙarawa ai wasfar ba za ta kai ka ƙarshen wata ba, kwanakin da suka rage me kake sha? Kuma har yanzu ba ka ce min komai a kan suga da hawan jini ba.

Ɗan Karantina: Admin ka tura masa lambata ta gefe, akwai wani mai ƙaho a Misfala hannunsa da kyau.